Ƙanina ya faɗo daga tsani a kwalejin da yake aiki, oga ya ce kar a rubuta

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Agege:

Salamu alaikum Injiniya. Ƙanina ne yake aikin gyaran wuta a wata kwaleji a nan Legas, amma ba ma'aikacin makarantar bane kai tsaye, wani kamfanin kwangila ne ya kawo su. Yana gyara fanka a ajin ɗalibai tsanin ya goce ya faɗo, har ya ɗan suma, wuyan hannunsa na dama ya karye. An kai shi kilinik ɗin makaranta sun bashi maganin ciwo kawai, ogansa ya bashi dubu talatin yace ya je ya yi magani, kuma kar a rubuta komai don kar a ɓata masa kwangila. Mun kai shi wajen mai ɗori. Yau kwana tara kenan, hannun bai sace ba, kuma ance in bai koma ba za a yanke masa albashi. Yana da wani haƙƙi ne ko mu bar wa Allah? Tsoronmu kar a kore shi.

Amsa:

Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Allah ya bashi lafiya, ya sa kaffara ne. Toh kafin komai ka duba kwanakin nan da ka ƙirga, tara, don a kansu maganar take. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF mai riƙe da asusun diyyar ma'aikata take kula da ita, ta bawa ma'aikacin da ya ji rauni kwana 14 ya sanar da wanda ya ɗauke shi aiki, kaga saura kwana biyar kenan, shi yasa nace bari in amsa maka yau yau ba sai an jira ba.

Na san abin da zaka ce, ai oga yana wajen, da hannunsa ma ya miƙa dubu talatin ɗin, wace sanarwa kuma? Gaskiya ne, kuma dokar ma ta yi sassauci, in an tabbatar mai aikin ya san da hatsarin ba lallai a hana mutum haƙƙinsa ba saboda bai sanar a kan lokaci ba. Amma wa zai tabbatar? Mutumin da tun ranar farko yace kar a rubuta, kana ganin nan da wata shida in an tambaye shi zai ɗaga hannu yace eh a gabana akayi? Na sha ganin irin wannan a wuraren aiki, ranar da abu ya faru kowa na ta sannu sannu, bayan wata uku sai kaji ance ai a gida ya faɗi, ko kuma ai a okada ya samu, kuma abokan aikin da suka ɗauke shi da hannunsu sai su yi tsit don suma suna da iyali suna tsoron abincinsu. Ba mugunta bace ko yaushe, tsoro ne. Takarda ce kawai bata jin tsoron oga.

Don haka gobe da safe a rubuta wasiƙa, ba sai an nemi lauya ba, ba sai turancin ya yi kyau ba. A saka cikakken sunansa da adireshinsa, ranar da abin ya faru da ƙarfe nawa, wane gini wane aji, aikin me yake yi, wa ya aike shi, yadda tsanin ya goce, da raunin da ya samu, kuma kar a manta da maganar sumar nan, a rubuta ta. In akwai waɗanda suka gani a sa sunayensu. Tunda hannun dama ne ya karye kai ka rubuta masa, shi ya dangwala da na hagu. A yi kwafi uku. Ɗaya ofishin kamfanin, ɗaya ofishin rajistara na kwalejin ko sashen ayyuka da yake ƙarƙashinsu, ɗaya kuma naku, kuma wannan nakun shine mai muhimmancin, duk inda kuka miƙa sai an buga muku sitamfin karɓa an sa hannu da kwanan wata a kai. In sun ƙi karɓa, wanda yana faruwa, ku aika ta kamfanin aike mai bada risit, sannan ku ɗauki hotonta ku tura wa ogan ta WhatsApp ku ajiye hoton allon. Ita ma ɗin shaida ce.

Wasu 'yan'uwanmu in kace a rubuta sai su ga kamar ƙara ka kai mutum ko kuma baka yarda da ƙaddara ba. Mun yarda da ƙaddara, faɗuwar nan an rubuta masa ita tun kafin a haife shi. Amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Baƙara, umarni take a rubuta bashi a sa shaidu, tsakanin musulmi da musulmi ma kenan. Ba wanda aka zaga don an rubuta cewa ranar kaza wane ya faɗo daga tsani.

Sai maganar da nasan ba za ta yi wa wasu daɗi ba, mai ɗori. Ban raina su ba wallahi, akwai waɗanda Allah ya bawa hannu, kuma nasan dalilin da yasa mutanenmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba suke fara zuwa can, sauƙin kuɗi da kuma yarda. Amma wuyan hannu ba sangalin ƙafa bane, ƙananan ƙasusuwa ne guda takwas a jere ga jijiyoyi sun ratsa ta wajen, in ya haɗe a karkace mai gyaran wuta ya rasa riƙon filaya da sukurdireba, sana'ar ta tafi kenan. Kwana tara kumburi bai sauka ba, wannan kaɗai ya isa dalili. In yatsun suna masa sanyi ko sun canja launi ko baya jinsu, a kwance ɗaurin a tafi asibiti a daren nan kar a jira safiya. Ku je a ɗauki hoton ƙashi, asibitin ƙashi na Igbobi aikinsu kenan, ko babban asibitin gwamnati da ya fi kusa da ku su tura ku. Kuma ku faɗa wa likita ya suma lokacin da ya faɗi, don a duba kan ma. A wajen buɗe kati a faɗi gaskiya, a wurin aiki ya faɗi, ranar kaza, a tabbata likita ya rubuta haka a fayil. Mai ɗori komai ƙwarewarsa baya bada rahoton likita, ita kuma hukumar diyya da rahoton likita take aiki. Duk risit ɗin magani da na hoto a zuba a leda ɗaya. Ku koma kilinik ɗin makarantar ma, suna da littafin da suke rubuta duk wanda aka kawo, ku nemi takardar da ke nuna an kawo shi ranar, tun shafin bai yi nisa ba.

Yanzu abin da yake kan ogan. Dokar ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya kai rahoton raunin ga NSITF cikin kwana 7, in rasuwa ce kuma nan take. Kuma ba a bar masa ya zauna ya auna ko raunin ya kai a faɗa ba, an lissafa, in ma'aikaci ya suma, in an kai shi asibiti, in raunin a fili yake yana buƙatar magani, in ya kasa komawa aikinsa washegari, kai ko tabarau ɗin idonsa ne ko haƙorin roba ya fashe a hatsarin sai an kai rahoto. Na ƙaninka ya shiga kusan duka. Kaga kenan shi ogan tuni nasa wa'adin ya wuce, wannan ma yana cikin abin da yasa yake son a yi shiru. Kuma ƙin kai rahoton da yayi, wannan shi kansa laifi ne a dokar.

Dubu talatin ɗin fa? Ku riƙe abinku, an yi magani da ita, ba ta kashe komai ba. Abin da zan ja kunnenku a kai shine kar ya sa hannu ko ya dangwala a wata takarda da bai san abin da ke ciki ba, musamman in aka ce ta karɓar kuɗi ce kawai. Duk da cewa dokar tace duk yarjejeniyar da ma'aikaci yayi ta yafe haƙƙin diyyarsa banza ce bata aiki, gara kar a shiga rigimar tun farko.

Kace ba ma'aikacin makarantar bane, na kamfanin kwangila ne. Nan ne mutanenmu da yawa suke sarewa, masu gadi, masu shara, masu kula da janareta, masu yankan ciyawa, a manyan makarantun Legas da yawansu ta hannun 'yan kwangila suke shigowa, sai su ɗauka su ba kowa bane a idon doka. Ba haka bane. Ma'aikaci a wannan dokar ya haɗa da na dindindin da na wucin gadi da na rabin rana da ɗan koyo, ko da baki aka ɗauke shi ba takarda. Wanda yake biyansa albashi, wato kamfanin, shine na farko da alhakin yake kansa, shine ya kamata ya yi rajista yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa a asusun, daga aljihunsa, haramun ne ya cire daga albashin ma'aikaci. Amma itama kwalejin bata fita ba, dokar ta haɗa wanda ya bada kwangila da ɗan kwangilar a alhakin kuɗin nan, balle a cikin ajinta aka faɗi. Shi yasa nace lallai kwafi ɗaya ya shiga ofishin rajistara. Sau da yawa zaka samu hukumar makaranta bata ma san anyi ba, maganar ta tsaya a wajen oga da wani a sashen ayyuka.

Bazan ɓoye maka ba, ƙananan kamfanonin kwangila da yawa basa zuba kuɗin nan, wasu ko rajistar basu yi ba, kuma bin diyya yana cin lokaci da zirga zirga, a Legas kuwa zirga zirga kuɗi ce. Duk da haka ku je ofishin NSITF da kanku da kwafin wasiƙar da rahoton likita, ku ce kunzo kai rahoton rauni a wurin aiki, su duba ko kamfanin yana cikin littafinsu, su baku fom. Neman diyyar kansa ana yinsa cikin shekara ɗaya daga ranar raunin, sai da dalili mai ƙarfi ake karɓa bayan haka har zuwa shekara uku, ni dai shawarata kar ku bari ya kai wata biyu. Abin da asusun yake ɗauka ya haɗa da kuɗin magani, da biyan wani abu na lokacin da mutum ya kasa aiki, in kuma Allah ya kiyaye naƙasa ce ta dindindin gaba ɗaya ana biyan kashi 90 cikin 100 na albashi duk wata, in ta wani ɓangare ce a auna gwargwadonta. A nan hoton ƙashin nan da rahoton likita suke aiki, da su ake aunawa.

In aka yanke albashin ko aka kore shi saboda ya rubuta, wannan maganar kotun ma'aikata ce, tana Ikoyi. Ba sai kuna da kuɗin lauya ba, gwamnatin Legas tana da ofishin lauyoyi masu tsaya wa marasa ƙarfi kyauta, OPD, a Surulere. Ku fara zuwa can kafin ku yanke shawarar kotu, saboda karɓar diyya ta asusun da kai ƙarar mai aiki a kan raunin ba a haɗa su, ɗaya ake zaɓa, lauya ne zai duba muku wanda ya fi.

Tsoron kora kuwa bazan ce maka babu shi ba, zan yi maka ƙarya in nace haka. Amma ka auna, yanzu da kuka yi shiru ɗin ma ai gashi ana maganar yanke albashi a kwana tara. Mai gyaran wuta da hannu ɗaya, in hannun bai dawo daidai ba, kamfanin da kansa zai sallame shi a hankali ba tare da ko sisi ba, kuma a lokacin ba ku da ko takarda ɗaya. Wanda sunansa yake a fayil ɗin rajistara da sitamfi a kai, an fi jin nauyin taɓa shi. A rubuta wasiƙar cikin ladabi, ba zagi ba zargi, a ma gode wa ogan da taimakon da yayi in kuna so, abin da ya faru kawai za a faɗa.

Abu ɗaya kuma da yake damuna ni a matsayina na mai wannan aikin, tsanin. Ina da tabbacin an ɗauke shi an mayar sito, gobe wani yaron zai hau. Ka tambayi ƙaninka, robar ƙafar tsanin tana nan ko ta cinye, akwai wanda ya riƙe masa, an kashe wutar ajin kafin ya hau, tayil ɗin a jiƙe yake? Duk amsar da ya baka a saka ta a wasiƙar a layi ɗaya ko biyu, in akwai abokin aikinsa da zai iya ɗauko muku hoton tsanin a waya ba tare da ya jefa kansa a matsala ba, a haɗa da shi. Ku fara da asibitin da sassafe, daga can ku wuce makarantar kafin a tashi daga ofis.