Yadda za a koya wa ɗalibai fito da halin tauraro a waƙa

Malama, kin ce ɗalibanki na sakandare suna gane taurari a ƙagaggen labari, amma in aka zo waƙa sai su ce "mutumin kirki ne" su yi shiru. Dalili shi ne mawaƙi ba ya tsayawa bayar da tarihin mutum. Da kirari da siffantawa yake gina shi, wani lokaci a ɗango ɗaya, wato layi ɗaya na waƙa.

Ki fara musu da waƙar fada, domin a nan taurari suka fi fitowa fili. Makaɗa irin su Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, kan kawo ubangida da kuma abokan hamayyarsa. Ana zuga sarki, a kira shi giwa ko zaki, ana yi wa ɗan sarkin da ke neman sarauta zambo da habaici. Ki sa su saurari waƙar, su fitar da duk sunan da aka kira kowanne da shi, sannan ki tambaye su: me ya sa giwa? Nauyi ne, ko kwarjini, ko haƙuri? Nan ne dabbantarwa, wato siffanta mutum da dabba, za ta zauna musu, ba a haddar ma'anarta ba.

Abin da na fi so ki dage a kai shi ne mai magana. Makaɗi yana cin abinci a gidan wanda yake yabo, don haka hoton da ya zana yana da ɓangare. Ɗalibin da ya gane wannan ya fara nazari da gaske.

A rubutu kuwa, kada ki karɓi hali ko ɗaya sai da baitin da ya tabbatar da shi.