Gilashin mota ya ƙi tashi: amsoshin wasiƙunku

Malam, Corolla ce gare ni ƙirar 2005. Gilashin ƙofar direba ya tsaya cak, sauran ukun kuma lafiya lau. Bakanikena ya ce moton gilas ɗin ne ya mutu, in kawo kuɗi a sayo wani. In ba shi? Direban haya, Zariya.

Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Ka tambaye shi, da me ya gane moton ne, wato ɗan injin lantarkin da ke ɗaga gilas? In hannu kawai ya ɗora a ƙofa ya yanke hukunci, to ba a yi bincike ba. Da farko ma wannan aikin mai gyaran wayar mota ne, wanda muke kira riwaya, ba na mai gyaran inji ba.

Kafin ka je wurinsa ka yi wannan da kanka. Murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, amma kada ka tayar da injin. Kunna fitilar rufin mota, sannan ka danna maɓallin gilas kana kallonta. In ta ɗan dusashe, wuta tana isa moton, shi ne ya kasa juyawa, wataƙila wani abu ne ya cije. In ko gezau ba ta yi ba, mai yiwuwa wutar ce ba ta isa, sai a nemi laifin a maɓalli ko a waya. Maɓallin direba ya fi kowanne shan dannawa, ƙura da gumi suna shiga su baƙanta bakin ƙarfensa. Akwai kuma damin wayoyin da ke ratsa robar nan mai kama da maƙogwaro tsakanin ƙofa da jikin mota. Shekara ashirin ana buɗewa ana rufewa, waya tana karyewa daga ciki alhali fatarta lafiya. Riƙe maɓallin ka riƙa motsa ƙofar a hankali, in gilas ya zabura, ka kama ɓarawonka.

Hukuncin ƙarshe shi ne a cire fulogin moton a ba shi wutar batir, volt 12, kai tsaye. Moto mai waya biyu, in ka juya wayoyin sai ya juya baya. In ya yi aiki ta kowane ɓangare, lafiyarsa ƙalau. Mai wayoyi biyar ko shida kuwa, kada a soka masa wuta da ka, sai wanda ya san wace waya ce ta wuta.

Malam, ina cikin damuwa. Golf 4 ce maigidana ya bar mini, Allah ya jiƙansa. Jiya na danna maɓalli sai na ji ƙaras, gilas ya zurma cikin ƙofa. Ga damina, ga shi a waje motar ke kwana. Ina tsoron kuɗin ya fi ƙarfina. Maman yara, Kaduna.

Allah ya jiƙansa da rahama, Hajiya, ya raya abin da ya bari. Kwantar da hankalinki, wannan ba babbar ɓarna ba ce, kuma sanannen ciwon Golf 4 ne. Gilashin yana zaune ne a kan wasu 'yan maƙalai na roba mai tauri, waya ce kamar ta birkin keke take jan su sama da ƙasa. In robar ta tsufa ta sha zafin rana sai ta tsage, gilas ya sulale. In kika danna kina jin moton yana ƙugi, yana da rai, kada kowa ya sayar miki da wani. Abin da za a canja maƙalan ne, ko duka ƙarfen da ke ɗaga gilas in wayar ta cukurkuɗe. Don haka ki daina dannawa daga yanzu, kowace dannawa tana ƙara nannaɗe wayar. Yau ɗin nan mai gyara zai iya buɗe ƙofar ya ɗaga gilas da hannu ya tokare shi da katako, motar ta kwana a rufe har ki shirya. Ki roƙe shi abu ɗaya: duk abin da ya tarar yana tare ruwa a bayan murfin ƙofa, ya mayar da shi yadda yake, ya kuma buɗe 'yan ramukan da ke ƙasan ƙofa inda ruwa ke fita.

Fiyus ɗin gilas yana yawan ƙonewa. Abokina ya ce in naɗa waya a wurin ko in sa babba, magana ta ƙare. Matashi, Katsina.

Wannan ma har sai an tambaya? Fiyus yana ƙonewa ne don kada wayar motarka ta ƙone. In ka ɗaure shi da waya, zafin zai koma cikin ƙofa da ƙarƙashin dashbod, inda babu komai sai roba da soso. Ka mayar da mai lamba daidai da wadda aka rubuta a murfin akwatin fiyus, ka kai a nemo inda waya ta goge take taɓa ƙarfe. Abokin nan naka ba zai saya maka wata motar ba.

An nuna mini moto biyu a kasuwa, ɗaya sabo dal a kwali, ɗaya na Beljiyam, kuma sabon ya fi araha. Wanne zan ɗauka? Mai Honda Accord (EOD), Kano.

Alhaji, kai ma ka tsaya ka yi tunani a kan abin da ka rubuto. Ta yaya sabo zai fi tsoho araha? Duk wanda ya saba shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ya san amsar. Kwali ba shaida ba ne, ana buga shi da tambarin kowane kamfani. Abin da ke ba ni takaici shi ne mutum zai kwana uku yana cinikin ragon layya, ya duba haƙori ya taɓa gadon baya, amma ya zo kayan mota sai ya ɗauki mai sheƙi ya biya ya tafi.

Jabun moto yana da halinsa. Tagullar da aka naɗa a cikinsa siririya ce kuma kaɗan, maganaɗisunsa ba ƙarfi, haƙoran giyarsa na roba mai laushi. A hannu zai yi ta juyawa kamar gaske, domin ba ya ɗauke da komai. Sai an ɗaura masa nauyin gilas ka ga yana tafiya kamar hawainiya, ya yi zafi, bayan 'yan watanni ya tsaya. Ka sake biyan kuɗin moto, ka sake biyan kuɗin aiki, kuma kowane buɗe ƙofa yana karya maƙalan murfinta, har ta fara kwaramniya a hanya. Ni kaina na taɓa faɗawa, a wani shago aka ba ni irinsa da rantsuwa, bai kai ƙarshen hunturu ba. Tun daga ranar ba na sayen moto sai na ɗaga shi a hannu ɗaya, tsohon nawa a ɗayan. In sabon ya fi tsohon rashin nauyi sosai, na ajiye.

Kada kuma ka ɗauka duk abin da aka kira Beljiyam daga waje ya zo. Akwai wanda aka cire daga motar da ta gama rayuwarta a nan gida, aka wanke da fetur aka fesa masa fenti. Duba kan sukurorin, in sun sha sukuddireba an taɓa buɗe shi. Shinshina shi, ƙaurin ƙonewa ba ya ɓuya. Ka tafi da tsohon naka a gwada su gefe da gefe: yawan wayoyin fulogi, yawan haƙora, wurin ɗauri, sannan na dama ne ko na hagu, domin a motoci da yawa ba sa musanya. A gwada shi da batir a gabanka, sama da ƙasa. Ka yi sharaɗin mayarwa da bakinka kafin kuɗi ya bar hannunka, in mai shago ya ƙi, shaguna ba su ƙare ba.

Akwai kuma hanya ta uku da masu sayarwa ba za su faɗa maka ba. Moton asali da ya zo da motar, sau da yawa burushin kabon, ɗan abin da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa a cikinsa, shi kaɗai ne ya cinye ko giris ya daskare. Ƙwararren mai waya zai buɗe shi, ya goge, ya sa sabon burushi da giris, kuma na fi yarda da wannan gyararren a kan sabon kwalin da ban san asalinsa ba. Gargaɗi ga masu son taɓa aiki da kansu: in ƙarfen gilashin motarka irin mai kama da almakashi ne, wasu suna da sifirin mai ƙarfi da moton ke riƙewa. Ka cire moto ba ka tokare ƙarfen ba, zai iya datse maka yatsa.

Da hunturu gilasaina suna tashi da ƙyar. In zuba baƙin mai a gefensu? Malamin makaranta, Gusau.

A'a, Malam. Baƙin mai yana kumbura roba, ya kuma tara ƙura ta zama kwaɓo. Sauke gilas, ka goge kwaroron robar da tsumma mai ɗan danshi, in ya bushe ka fesa man silikon. In ka bar shi yana wahala haka, moton ne zai biya.

Na canja batir, yanzu gilas ba ya tashi da kansa da dannawa ɗaya. Ya lalace ne? Ɗalibi, Maraɗi.

Bai lalace ba, ƙanena, mantuwa ya yi. A yawancin motoci sai ka sauke shi har ƙasa, ka ɗaga shi har sama, ka ci gaba da riƙe maɓallin na 'yan daƙiƙu bayan ya rufe. In bai kama a karon farko ba, ka sake sau ɗaya kafin ka nemi mai waya.