Amsa: Yaya ake sanin abin da ke cikin cibiyar atam?

Ƙanena, ka tambaya yadda masana suka san tsarin cibiyar atam alhali babu madubin da ke iya ganinta. Tambayarka ta yi kyau ƙwarai, don nan ne ainihin daɗin fannin yake.

Ka ga mai sayen tukunyar ƙasa a Babbar Kasuwar Maradi? Ƙwanƙwasa ta yake da yatsa, ya kasa kunne, amon ya gaya masa ko tana da tsagu. Su ma haka suke yi. Ana harbin cibiyar da furoton ko niyutiron, wato irin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi cibiyar, ta sha ƙarfi ta hau wani mataki na sama. Ba ta daɗewa a can. Da ta sauko sai ta fitar da hasken gama, wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, na'urar da aka yi da sinadarin jamaniyam ta auna ƙarfinsa.

Abin mamakin shi ne matakan ƙayyadaddu ne, babu tsaka-tsaki. Idan sinadarin kobalt-60 ya rikiɗe ya koma nikel-60, hasken gama biyu yake fitarwa, na 1.17 da na 1.33 MeV (ma'aunin ƙarfin hasken ke nan), a kowane ɗakin bincike na duniya. Daga irin wannan awo, da ganin cewa cibiyoyi masu furoton ko niyutiron 2, 8, 20, 28, 50 ko 82 sun fi ƙarko, masana Maria Goeppert Mayer da Hans Jensen suka bayyana a 1949 cewa furoton da niyutiron hawa-hawa suke jere a cikin cibiyar.

Kada ka ce abin na Turai ne. Sinadarin teknetiyam-99m da asibitoci ke ɗaukar hoton cikin jiki da shi, cibiyarsa ce ke saukowa daga matakin sama ta fitar da hasken gama. Mu da ake haƙar yuraniyam a Arlit, wallahi ya kamata ɗalibanmu na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo su riƙe wannan fanni da gaske.