Na ba da jini na yanke jiki na faɗi, kuma har yanzu ƙarfina bai dawo ba

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni mace ce 'yar shekara 26, nauyina kilo 54. Makonni uku da suka wuce na ba da jini leda ɗaya saboda yayata da aka yi wa tiyata, kuma wannan ne karona na farko. Lokacin da ake ɗiba ban ji komai ba. Na tashi na fito har bakin ƙofa, sai zufa ta karyo mini, kunnuwana suka toshe, ban farga ba sai ganina na yi a ƙasa ana yi mini fifita. Washegari wurin allurar ya yi baƙi, ya yi faɗi kamar tafin hannu. Wannan ya fara washewa, amma har yau in na hau bene sai haki, ga kasala. Jinin da aka ɗiba ne ya yi yawa? Ko wani abu ya lalace a jikina? Kuma zan iya sake bayarwa?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba yayarki lafiya. Abubuwa uku kika kawo, kuma kowanne da nasa dalilin. Suman da baƙin da hannunki ya yi sun fi ba da tsoro a ido, amma ni ba su ne suka tsaya mini a rai ba. Kasalar nan da ta kai makonni uku ita ce nake so mu yi wa kallon tsanaki.

Leda ɗaya kusan mililita 450 ce, wato ba ta kai rabin lita ba. Ana yawan cewa babban mutum yana da jini lita 5, to amma wannan lissafin mai jiki ne. Mace mai kilo 54 jininta bai fi lita 3 da rabi ba, don haka abin da aka ɗiba ya kai kusan kashi 13 cikin ɗari na jininki, alhali ƙato mai kilo 80 bai rasa ko kashi 10 ba daga leda irin taki. Shi ya sa aka sa ƙa'idar kilo 50 a matsayin mafi ƙarancin nauyin mai ba da cikakkiyar leda. Kin cika ƙa'ida, ba a zalunce ki ba, sai dai kina kusa da bakin iyaka, kuma jikinki ya shaida hakan.

Suman kuwa aikin wata jijiya ce mai suna begas, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya ta sauka zuwa zuciya da ciki. Idan tsoro, ko zafin allura, ko ganin jini, ko raguwar ruwan jiki ya zabure ta, sai ta rage bugun zuciya, hanyoyin jini kuma su saki su buɗe. Kina kwance ba za ki ji komai ba. Da kin miƙe tsaye sai jini ya gangara ƙafafu, ƙwaƙwalwa ta samu ƙasa da abin da take buƙata na 'yan daƙiƙoƙi, sai ta kwantar da ke da ƙarfin tsiya. Faɗuwar ma ita ce maganin, domin da kai ya daidaita da zuciya jini yake komawa. Abin ya fi samun matasa, da masu ƙaramin jiki, da masu bayarwa a karon farko, kuma duk ukun kin haɗa su.

Kada ki ɗauka raki ne. Na taɓa ganin wani jibgegen saurayi, ana ɗibar jininsa yana zolayar abokinsa da ya kawar da kai daga allura. Aka gama, aka ce ya zauna ya huta, ya ce shi garau yake. Ya sunkuya ya ɗaura igiyar takalmi, yana ɗagowa sai hamma, leɓɓansa suka yi fari fat, ya dafa bango ya zame a hankali har ƙasa. Abokin da ake yi wa dariya shi ya riƙe masa ƙafafu sama.

Wannan hammar da farin leɓen su ne gargaɗin, tare da zufa mai sanyi, tashin zuciya, ƙarar kunne da duhun gani. Duk wanda ya ji su kada ya ce bari ya ƙarasa mota ko ya nemi kujera mai kyau. Ya kwanta nan take a inda yake, ya ɗora ƙafafu kan wani abu. In babu wurin kwanciya ya zauna ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa. Masu taimako kuma su daina ɗaga wanda ya suma su jingina shi a zaune, su daina ɗura masa ruwa a baki kafin ya farfaɗo sosai, don yana iya shaƙewa. Akwai wata dabara mai sauƙi da nake koya wa kowa: ki harɗe ƙafafu, ki matse tsokar cinya da ta mazaunai da ta ciki kamar daƙiƙa biyar, ki saki, ki sake, tun ana ɗiba har zuwa lokacin tashi. Matsewar tana turo jinin ƙafafu zuwa sama. Shan ruwa kamar rabin lita jim kaɗan kafin a fara, da zuwa da abinci a ciki, su ma suna rage aukuwar abin.

Suman da ya wuce cikin minti ɗaya ko biyu ba ya barin wata illa. Wanda ke buƙatar asibiti shi ne idan kai ya bugu da ƙasa aka biyo da ciwon kai mai ƙaruwa, amai ko ruɗewa, ko akwai ciwon ƙirji, ko ana ta maimaita suman, ko jiri ya ƙi tafiya bayan kwana guda.

Baƙin hannunki jini ne da ya tsiyaya daga hudar da allura ta yi wa jijiyar jini ya kwanta a ƙarƙashin fata. Yakan faru idan ba a danne wurin sosai ba bayan zare allura, ko aka ɗauki kaya mai nauyi da hannun a ranar, kuma a wurinki ina zargin faɗuwar ta taimaka. Yakan yi faɗi ya gangaro ƙasa kafin ya fara washewa, launinsa yana sauyawa daga baƙi-baƙi zuwa kore-kore zuwa rawaya, cikin mako biyu zuwa uku. A ranar farko ƙanƙara ake naɗewa a tsumma a ɗora na kamar minti goma sha biyar, daga baya a koma ɗumi. In da zafi farasitamol ya isa, a kauce wa asfirin da ibuprofen a ranar farko saboda suna iya ƙara tsiyayar. Tunda naki yana washewa, ki bar shi ya ƙarasa. Abin da ba a zama da shi a gida shi ne kumburi mai ƙaruwa da tauri, zafi mai tsanani, yatsu su yi sanyi ko su dushe, ko wurin ya yi ja da zafi da ruwa ga zazzaɓi. Wasu kuma sukan ji wani zogi kamar jan lantarki yana sauka zuwa yatsu, alamar allura ta goge jijiyar ji. Yawanci yana warkewa da kansa, amma a sanar da waɗanda suka ɗibi jinin.

Yanzu ga kasalar. Mutane sukan ji an ce jiki yana mayar da jinin cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma wannan rabin gaskiya ce. Abin da ke dawowa cikin awa 24 zuwa 48 ruwan jinin ne, in dai ana shan ruwa. Jajayen ƙwayoyin da ke ɗaukar iska zuwa tsoka da ƙwaƙwalwa ba sa dawowa da wannan saurin. Ƙoda ce ke lura da cewa iskar da ke isowa ta ragu, sai ta saki wani sinadari da ke umartar ɓargo ya ƙara aiki, kuma ɓargon yakan ɗauki makonni huɗu zuwa shida, wani lokaci fiye, kafin ya cike giɓin. Ke kina mako na uku, aikin bai ƙare ba. Haki kaɗan a kan bene a wannan lokaci ba abin mamaki ba ne.

Sai dai ɓargo ba ya ƙera ƙwayar jini haka kawai, sai da sinadarin ƙarfe, wanda aka fi sani da ayon. Kowace leda tana tafiya da ayon miligiram 200 zuwa 250. Abin da hanji ke iya tsotsa daga abinci a rana kuwa miligiram 1 zuwa 2 ne, in jiki ya matsu ya ɗan ƙara. Ki yi lissafin da kanki, za ki ga maganar watanni ake yi. Namiji yawanci yana da ajiya mai kauri da zai ciro daga ciki. Mace mai jinin al'ada tana asarar ayon kowane wata, ajiyarta sau da yawa ba ta fi abin da leda ɗaya ke kwashewa ba, wata ma ba ta kai ba. Ga kuma inda gizo ke saƙar: ɗigon jinin da aka gwada a yatsarki kafin a ɗiba yana auna himoglobin ne, wato sinadarin jajayen ƙwayoyin jini mai ɗauke da ayon, wanda ke yawo a jini a ranar. Ba ya ganin rumbu. Mace tana iya cin wannan gwajin lafiya lau alhali rumbunta ya kusa zama fanko, sai bayan ta bayar abin ya fito fili.

Saboda haka shawarata ki je a yi miki gwaji biyu, na himoglobin da na feritin, wanda shi ne ke nuna ajiyar ayon. Ki faɗa wa likita yadda al'adarki take, musamman in tana zuwa da yawa ko tana daɗewa. Ki ambata kuma in kina jin kwaɗayin tauna ƙanƙara ko ƙasa, ko ƙafafunki na hana ki sakat da dare, ko gashi na zubewa, domin waɗannan alamun ƙarancin ayon ne da mutane ba sa haɗa su da jini. Idan kuwa hakin yana zuwa ko kina zaune, ko zuciya na bugawa da sauri ba dalili, ko ƙirji na ciwo, ko akwai yiwuwar kina da juna biyu, kada ki jira wani mako.

Abinci yana taimakawa, amma ba na son a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ayon ɗin nama, hanta da kifi ya fi shiga jiki a kan na wake da ganyaye, shi kuma na tsirrai yana ƙara shiga in an haɗa shi da 'ya'yan itace masu bitamin C. Shayi da kofi suna tare shi, don haka a raba su da lokacin cin abinci da kamar awa ɗaya. Madara ba ta da ayon na kirki, sinadarin kalsiyam da ke cikinta ma yana rage tsotsarsa. In gwaji ya nuna rumbu ya yi ƙasa, ƙwayar ayon ce mafita. A Amurka, cibiyoyin karɓar jini suna shawartar masu bayarwa a kai a kai su sha miligiram 18 zuwa 38 kullum na kwana 60 bayan sun bayar. Wadda ƙarancinta ya tabbata likita ne zai yanka mata nata adadin. Ƙwayar takan mayar da bayan gida baƙi, takan kuma jawo taurin ciki, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin tsoron shi ne ta shiga hannun ƙaramin yaro, don guba ce a gare shi, sai a ɓoye ta nesa. Kuma kada mutum ya ɗau shekara yana sha ba gwaji, akwai masu ciwon da jikinsu ke tara ayon fiye da kima.

Za ki iya sake bayarwa, in kina so. Suma sau ɗaya ba ya hana mutum, kuma yiwuwarsa tana raguwa a karo na biyu da na uku. Tazarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ita ce makonni 12 ga maza, 16 ga mata, haka ma ake yi a Ingila, Amurka kuwa kwana 56 ta sa wa kowa. A wurinki ni ba kalanda zan bi ba, feritin zan bi, sai ya dawo daidai kuma bene ya daina sa ki haki. Ranar da kika koma, ki yi barci sosai a daren, ki ci, ki sha ruwa, kuma ki faɗa musu tun a teburin rajista cewa kin taɓa suma. Za su kwantar da ke sosai, su tashe ki a hankali, su riƙe ki fiye da mintoci goma sha biyar ɗin da aka saba. Sauran yinin kuma babu ɗaukar kaya da wannan hannu, babu doguwar tsayuwa a rana, babu wanka da ruwa mai zafi sosai, kuma ki zo da wanda zai raka ki gida.