Akuyar Zakka Ba a Ba da Ita Rance

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ce ma'ajin wata ƙungiyar mata a ƙauyenmu, cikin ƙasar Ringim. Mu goma sha ɗaya ne, duk 'yan Islamiyyar matan aure, babu mai biyan mu ko sisi. Da kaka manoma kan ba mu zakkar gero da dawa, 'yan garinmu masu kasuwanci a Kano kuma su turo kuɗi, wani zakka wani sadaka, duk akwati ɗaya muke zubawa. Mukan sayar da hatsin mu sayi awaki mu ba zawarawa da matan da mazajensu suka rasu, da sharaɗin in akuya ta haihu a dawo mana da 'ya ɗaya mu ba wata. Bana da damina akuyar wata mai marayu huɗu ta mutu. 'Yan kwamiti sun ce sai ta biya don kada saura su yi sakaci, ni kuwa zuciyata ta ƙi. Dole ne ta biya? Sannan kuɗin acaba da nake ɗauka a akwatin in za ni ƙauyukan gefe, ya halatta? Maigidana ya amince da fitar da nake yi.

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Malama, Allah Ya saka muku da alheri, ke da 'yan uwanki. Falalar mai ɗawainiya da matar da ta rasa miji sananniya ce, kuma tunda maigidanki ya amince, batun fita babu abin cewa a kansa.

Zuciyarki ta yi gaskiya: wannan baiwar Allah ba za ta biya komai ba, kuma a je a faɗa mata haka tun yau, domin mai marayu huɗu da ke jiran a zo karɓar bashi ba ta barci. Sai dai abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki ba mutuwar akuyar ba ne. Kalma ce da kika faɗa a wuce: "duk akwati ɗaya muke zubawa." A nan hukuncin yake, domin kuɗin da ke cikin akwatin nan iri biyu ne, kowanne da dokarsa, kuma sharaɗin "a dawo da 'ya" yana da wurin zama a ɗaya, ba shi da shi a ɗayan.

Zakka haƙƙin matalauci ce tun kafin ta iso hannunku. Manomin da ya ware dami ɗaya cikin goma ba kyauta ya yi ba, kayan wani ya fitar daga rumbunsa. Ku kuma wakilansa ne, aikinku ku kai wa mai shi. Isarwar ba ta cika sai an mallaka wa matar abin, ya zama nata kamar zanen jikinta: ta ci, ta sayar, ta kyautar. Duk sharaɗin da aka ɗora a kan wannan mallakar ɓatacce ne. Saboda haka duk akuyar da aka saya da zakka ta zama ta wadda aka ba tun ranar da ta kama igiyarta, ita da 'ya'yanta. In ta mutu, kayanta ne ya mutu. 'Ya'yan awakin da kuka riga kuka karɓa kuwa, sai ku mayar wa masu su, ko ƙimarsu, ko ku nemi yafiyarsu ba tare da matsi ba. In kun kasa rarrabe wace akuya ce ta zakka, ku duba littafinku ku ƙiyasta, inda kuka yi shakka ku rinjayar da ɓangaren zakka.

Na san za a ce miki akwai malamai da suka halatta ba da rance daga zakka. Gaskiya ne akwai su, kuma ba ƙananan mutane ba ne: Shaihu Abu Zahra da Abdulwahhab Khallaf na Masar sun tafi a kan haka, Shaihu Yusuf Alƙardawi ya bi su. Hujjarsu ita ce, tunda ana biya wa mai bashi bashinsa daga zakka ba tare da ya mayar ba, to a ranta wa mabuƙaci ya mayar ai ya fi cancanta, ga shi kuma zai tsare shi daga masu ba da kuɗin ruwa. Magana ce mai daɗin ji, amma ban ga ta tsaya da ƙafafunta ba.

Rabon mai bashi a ayar Suratut Tauba an sa shi ne don a kwance wa mutum igiyar bashi daga wuyansa. Rance kuwa ɗaura igiyar yake yi. Ta yaya za a yi ƙiyasin ɗauri a kan kwancewa? Matar da ta zo muku tana matalauciya kawai, kun sallame ta tana matalauciya kuma mai bashi, da dukiyar da Allah Ya ce tata ce. Wasiyyar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Mu'azu da zai tafi Yaman ita ce a karɓa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. Bai ce a juya ta tsakaninsu ba.

Ki tambayi masu wannan ra'ayi tambaya ɗaya: a watannin da akuyar ke turke a gidan matar, ta wace ce? In sun ce tata ce, to da wane haƙƙi ake karɓar 'yarta? In sun ce ta ƙungiya ce, to zakkar manomin ba ta isa ba tukuna, tana rataye, alhali malamanmu na Malikiyya sun wajabta raba ta nan take, a wurin da ta wajaba ko kusa da shi. Wasu kan kafa hujja da raƙuman sadaka da ake kiwo a Madina. Waɗannan shugaba ne ke tsare da su kafin ya raba, ba a ba wani talaka raƙumi aka ce ya dawo da ɗan taguwa ba.

Kuma su kansu malaman da suka sassauta, magana suke a kan baitulmali na hukuma mai rara. Ko Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, da ta zauna a Amman a 1986 ta halatta juya kuɗin zakka, ta gindaya cewa sai an biya buƙatar gaggawa ta masu haƙƙi, sai an sami kariya daga asara. A ƙauyen da ake kwana da yunwa a watan Agusta, ina rarar take? Kuma wa ke lamunce wa akuya rai da damina?

Akwai wata ɓarna da ba a cika gani ba sai an daɗe cikin aikin. Duk shirin da ke jiran a dawo masa da wani abu, a hankali yakan fara zaɓen wadda za ta iya dawowa da shi: mai ƙarfi, mai ɗa namiji da zai yo ciyawa, mai ɗan fili a bayan ɗaki. Tsohuwar da ba ta gani sosai, da mai jinya, da wadda aka koro daga gidan miji ta raɓe a wurin ɗan'uwa, sai su zame daga jerin sunaye ba tare da kowa ya yi niyyar cire su ba. Su ne kuwa farkon masu haƙƙi. Ki buɗe littafinku ki duba sunayen shekara biyu, ina kyautata zaton za ki ga abin da nake faɗa.

Uzurin da ya rage shi ne "in an mallaka mata sayarwa za ta yi." To ta sayar. Uwar da ta kai akuya kasuwa don ta sayi maganin ɗanta ko tiyar dawa ba ta yi almubazzaranci ba. In kuna so akuya ta zauna, ku haɗa ta da hatsi, domin yunwa ce ke kwance ta daga turke. Malikiyya sun halatta a ba mutum ɗaya abin da zai ishe shi shekara, ko da ya haura nisabi. Gara ku wadata biyar da ku ɗanɗana wa ashirin.

Sayar da hatsin zakka da kuke yi shi ma ku daina. Wakili ba ya canja abin da aka ba shi ya kai. Gero ya tafi a gero, kuɗi ya tafi a kuɗi. In kun ga akuya ko injin markaɗe ko keken ɗinki zai fi amfanar mace, ku faɗa mata adadin rabonta, ku tambaye ta. In ta ce ku saya mata, kun zama wakilanta, cinikin ya inganta. In ta ce kuɗinta take so, ku miƙa mata. Haka nan kada ku riƙe hatsi a hannunku wai sai bazara ya yi tsada. Ku mallaka mata da kaka, in ta so ta ba ku ajiya, a rubuta sunanta a jikin buhun, ta zo ta ɗiba duk ranar da ta ga dama. In wake ne a sa shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace daban, don ƙwari.

Ba ina cewa ku rushe shirin awaki ba ne. Shiri ne mai kyau, gidansa kawai za a sauya masa. Ku yi shi da kuɗin sadaka zalla, bayan kun sanar da masu bayarwa. Hanyar da ta fi tsabta ita ce hubusi, tunda mazhabarmu ta halatta wakafin dabba: uwar akuya ta zama wakafi, nono da 'ya'yan haihuwa biyu su zama na matar, sannan uwar ta wuce gidan wata. Wannan ya yi kusa da aron akuyar tatsa da ya zo a hadisin Bukhari a matsayin mafi ɗaukakar ɗabi'u arba'in. A irin wannan tsari in akuya ta mutu ba da sakaci ba, babu lamuni a kan mai riƙo. In kuwa rance kuka zaɓa, ya halatta a dabba, amma ɗaya ake mayarwa a kan ɗaya. Sharaɗin biyu a kan ɗaya riba ce irin ta kuɗin ruwa, ko da da sunan taimako. Wadda ta kasa kuma a jira ta, ko a yafe mata. Ko ta wace hanya aka bi, mai marayun nan ba a ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Kafin a kira mutuwar akuya sakaci, kwamiti ya tambayi kansa. Akuyar kasuwa takan zo da ciwo a ɓoye, shi ya sa ake ware ta mako biyu zuwa uku kafin ta haɗu da wasu. An yi mata allurar rigakafin annobar nan ta mura da zawo da malaman dabbobi ke kira PPR? An ba ta maganin tsutsar ciki da shigar damina, lokacin da ake ɗaure dabbobi saboda shuka, suna kwana a kan danshi? An ba matar harawa da dusa na watannin farko? Waɗannan ku sa su cikin kuɗin sayen akuya tun farko. Ku sayi wadda ta taɓa haihuwa, domin cikin akuya wata biyar ne kuma wadda aka san haihuwarta ta fi tabbas, ku kuma kauce wa kasuwar gab da Babbar Sallah.

Kuɗin acaba: daga zakka a'a. Rabon ma'aikatan zakka na wanda hukuma ta naɗa ne, ku kuwa wakilan masu dukiya ne. Da kwamitin zakka na masarauta ne ya naɗa ku a rubuce, da hukuncin ya sauya, kuma ina ba ku shawara ku nemi wannan ta hannun dagaci da hakimi. Daga sadaka kuwa ya halatta, gwargwadon abin da kika biya ɗan acaba, da sanin masu bayarwa, a rubuce. Abin da ya wuce ki ƙiyasta kason zakka a ciki ki mayar a hankali, babu zunubi a kanki tunda ba ki sani ba. Kada kuma kunya ta sa ki koma kashe kuɗin cefanen gidanki. Ki gaya wa attajiran nan na Kano kai tsaye cewa aikin yana da kuɗin hanya, wani ya ɗauki nauyinsa.

Yanzu ke kanki, Malama. Ba na son akwatin nan ya ci gaba da kwana a ɗakinki ke kaɗai. Ba don ina zarginki ba, sai don bakin mutane ba shi da linzami, kuma ranar da lissafi ya gaza da ɗari biyar sunanki za a kira. Ku yi akwati biyu da littafi biyu, ku riƙa ƙirga a gaban mutum uku, duk wanda ya turo kuɗi a tambaye shi nan take: zakka ce ko sadaka? Duk wata uku a karanta wa liman lissafin. In sunan 'yar'uwar wata 'yar kwamiti ya zo, ta tashi ta ba da wuri har a gama magana.

In kuna ɗaukar hoton matan don tura wa masu bayarwa, ku bari. Yardar mai yunwa ba yarda ba ce, kuma hoton da ya shiga WhatsApp ba ya dawowa. Mai son tabbaci a aika masa hoton akuyar da sa hannun liman. Mai takaba ku kai mata har ɗaki, mata zalla, kada wani namiji ya fake da taimako ya riƙa zarya gidan kafin wata huɗu da kwana goma su cika.

Abu na ƙarshe, ki bincika mini shi game da wannan mai marayu huɗu: an raba gadon mijinta? Tumuninta ya zo hannunta? Gonar yaran tana hannun wa, kuma wa ke cin amfaninta? Sau da yawa za a tarar baffa ke nomawa yana kai wa rumbunsa, uwar yara tana bin layin sadaka. In haka ne, ku kai maganar gaban liman da dagaci cikin ruwan sanyi, in ta ƙi ci a je kotun shari'a a nemi a raba, a kuma rubuta wanda zai riƙe wa yaran har su girma.

Allah ne Mafi sani.