Taron Neman Gudummawa Domin Gidan Renon Yara: Amsa Ga Wata 'Yar Kasuwa

Wata 'yar kasuwa da ke sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari ta aiko mini da tambaya. Ta ce 'yarta mai shekara biyu tana wuni a wani gidan renon yara da ke Gwammaja tun daga safe har bayan la'asar, kuma ba don wannan gida ba da fita kasuwa ta gagare ta. Gidan na wata dattijuwa ne, tsohuwar malamar firamare, yana da yara 28 da masu reno uku. Rufin ɗaki guda yana yoyo, babu fanka idan an ɗauke wuta, ga kuɗin haya ya kusa ƙarewa. Iyayen yara sun yanke shawarar shirya taron neman gudummawa, sun ɗora mata jagoranci, suna fatan tara naira miliyan biyu. Tana son sanin yadda za ta tsara taron ba tare da an tafka asara ko an zarge ta ba.

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri bisa wannan niyya. Na ɗauki tambayarki da muhimmanci, domin irin waɗannan gidaje ne suke ba mata da yawa a Kano damar neman na kansu da kwanciyar hankali. Sai dai kafin a yi maganar rumfa da kujeru, akwai abin da ya wajaba ku warware tsakaninku da mai gidan renon, wato matsayin kuɗin da za a tara. Gidan renon nan sana'ar mutum ɗaya ce, ana biyan ta kuɗi duk wata, saboda haka duk wanda za ki roƙa yana da haƙƙin ya san ko taimakon yara yake yi ko ƙara wa wata jari. Ku zauna da ita ku rubuta yarjejeniya, cewa kayan da za a saya mallakar kwamitin iyaye ne, suna zaune a gidan muddin ana renon yara a cikinsa, ita kuma ta ɗauki wani nauyi a madadin haka, kamar ta karɓi marayu biyu ko uku kyauta, ko ta yi shekara guda ba ta ƙara kuɗi ba. Tun da ginin na haya ne, gyaran rufi amfanin mai ginin ne, don haka a nemi ya yarda a cire kuɗin gyaran daga hayar shekara mai zuwa, a rubuta a gaban mai unguwa da shaidu. Idan ba a yi haka ba, kuna iya gama gyara ya ƙara haya ko ya ce yana son gidansa.

Bayan haka ki karɓi littafin shige da ficen kuɗin gidan ki duba shi kamar yadda kike duba na shagonki. Mu ƙaddara kowane yaro yana biyan naira 10,000 a wata; yara 28 sun kawo 280,000 ke nan, in har kowa ya biya. Daga ciki za a fitar da albashin mutum uku, da kason haya na wata, da ruwa, da sabulu, da gawayi ko gas. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 babu ɗaya daga cikin waɗannan da bai tashi ba, kuma albashi mafi ƙanƙanta da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne. Dokar albashin ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma tana nuna miki yadda rayuwa ta yi tsada ga matar da ke wuni tana goyo da wankin 'ya'yanku. Idan lissafi ya nuna kuɗin wata ba ya ɗaukar ɗawainiyar wata, to taro ba zai magance wannan ba, domin kuɗin gudummawa sau ɗaya yake zuwa, albashi da haya kuwa ba sa daina dawowa. Maganinsa shi ne iyaye su yarda da ɗan ƙari, ko a kafa adashin haya da kowa zai riƙa zuba wani abu duk mako. Kuɗin taro a sa shi a abin da zai daɗe: kwanon rufi, sola da batir da fankoki, tankin ruwa, katifu masu rigar leda, da akwatin magungunan gaggawa.

Yawancin masu shirya irin wannan taro suna zaton a ranar taron ake samun kuɗi, alhali abin da na sha gani shi ne mutum ya karɓi lasifika ya ce ya bayar da dubu ɗari biyar, a yi kabbara a yi tafi, bayan wata uku ana ta sintiri a ƙofar shagonsa yaronsa yana cewa Alhaji ya yi tafiya. Shawarata ita ce ki tara akalla kashi biyu cikin uku na abin da kuke nema kafin ranar. Ki samo farashin kowane kaya daga dillalai biyu ko uku, ki buga a takarda guda tare da hoton silin ɗin da ruwa ya ɓata, sannan ku bi mutane ɗaya bayan ɗaya, ke da wani dattijo daga cikin iyaye maza wanda ake ganin girmansa. Kada ki ce wa ɗan kasuwa ya taimaka da abin da ya sawwaƙa, domin zai zaro dubu biyar daga aljihu ya sallame ki. Ki ce masa fanka biyu ake nema, ga kuɗinsu, ko bandir ɗaya na kwano. Kin fi ni sanin cewa ɗan kasuwa ya fi sakin kaya a kan tsabar kuɗi, saboda kayan a farashin sari suka zo masa. Maƙwabtanki na Kwari za su iya ba da yadin labule da zannuwan gado, 'yan kasuwar Singa su ba da katan na sabulu da omo, masu kayan gini na Ƙofar Ruwa su ba da kwano da ƙusa, masu kayan lantarki na Sabon Gari su rage farashin sola. Duk kayan da aka karɓa a rubuta ƙimarsa a rasit kamar kuɗi.

Shi kansa taron ya zama ƙarami. Kada ku kama zauren biki, kada ku yi anko, kada ku buga jaka ko kalanda. Harabar gidan ko filin makarantar Islamiyya da ke kusa ya isa, da rumfa biyu da kujeru da lasifika, iyaye mata su kawo zoɓo da kunun aya da cincin daga gida. A ra'ayina duk abin da za a kashe bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da ake nema ba, kuma a samu mutum ɗaya ko biyu su ɗauki nauyinsa tun farko, don kada a taɓa kuɗin gudummawa. A sanar da mai unguwa, a gayyaci limamin unguwa ya buɗe da addu'a, a ware wurin mata da na maza. Idan wani ya kawo shawarar sayar da tikiti a yi ƙuri'a wani ya ci firji, ki ƙi, domin caca ce kuma za ta kore muku mutanen kirki. Kuna iya baje kayan da iyaye suka bayar, kamar turaren wuta da humra da alkaki, a sayar a zuba kuɗin a gidauniya. Ina kuma roƙonki da kada a tsayar da marayu a gaban jama'a ana nuna su don a ji tausayi, kada kuma a sa hoton ɗan kowa a Facebook ko WhatsApp sai da yardar iyayensa.

Lokaci ma yana da tasiri. Ki kauce wa makonnin da suka gabaci Sallah, lokacin da kuɗin kowa yake cikin kaya, ke ma ba za ki iya barin shago ba. Asabar da hantsi a farkon wata, bayan ma'aikata sun karɓi albashi, ta fi dacewa, kuma a yi shi da wuri yadda za a sa fankoki kafin zafin Maris da Afrilu, a gama rufi kafin damina ta sauka a watan Yuni. Idan wani ya ce zai ba ku daga zakkarsa, ku tambayi malami tukuna, domin aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade rukuni takwas da ake ba zakka, gyaran ginin sana'ar wani kuwa ba ya cikinsu. Sadaka ce ta dace da wannan aiki.

Game da tsoron zargi da kika ambata, kariyarki ita ce kada kwabo ɗaya ya shiga asusunki ko na'urar POS ta shagonki, ko da na awa guda ne. Ku buɗe asusun haɗin gwiwa na mutum uku, wanda sai biyu sun sa hannu za a cire kuɗi, mai gidan renon kuma kada ta kasance cikinsu. Idan kuna son kwamitin ya ɗore, daga baya ku yi masa rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa (CAC) a matsayin amintattu ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. A ranar taro mutum ɗaya ya karɓi kuɗi, wani daban ya rubuta rasit, a ƙirga a gaban shaidu kafin a watse, a faɗi jimillar abin da ya shigo hannu daban da abin da aka yi alkawari. Akwai kuma jarabawar da ta fi kama 'yan kasuwa: kuɗi yana kwance a asusu, sai ga sabuwar atamfa ta shigo da araha, zuciya ta ce a juya shi na mako biyu a mayar da riba. Kada ki yi, ko da niyyar ƙara wa yaran ne, domin amana ce aka ba ki, ba jari ba, kuma idan kayan suka kwanta babu bayanin da zai wanke ki. Gudummawarki ta kanki ma ki fitar da ita daga riba, ki bar uwar kuɗi a inda take.

Cikin mako biyu bayan taron ki aika wa duk wanda ya bayar da takardar lissafi mai nuna abin da aka samu, da abin da aka saya, da abin da ya rage, tare da hoton rasitai. Idan abin da aka tara bai kai miliyan biyu ba, ku fara da rufi, sai sola da fankoki, sauran su jira. Ranar da kafinta ya sauko daga kan ginin, ki kira mutum biyu ko uku daga cikin manyan waɗanda suka taimaka su zo su ga ɗakin da idonsu.