Tsofaffin hotunan Damagaram a kalanda: wa ke da haƙƙinsu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin shagon ɗab'i a unguwar Zango, nan Zinder, kuma na tara tsofaffin hotuna da zane-zanen tsohuwar unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram daga intanet, ina son in buga kalanda da su in sayar. Wani abokina ya ce tunda sun tsufa ba su da mai su, kuma ko da suna da shi, akwai abin da ake kira amfani na adalci. Gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Aikinka ya burge ni, domin yaranmu da yawa ba su taɓa ganin kamannin Birni na lokacin da Zinder take babban birnin ƙasa ba, kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Sai dai maganar abokinka tana buƙatar gyara.

Tsufan hoto ba shi ne ma'auni ba. Abin da doka take dubawa shi ne shekarar da mai aikin ya rasu. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Nijar take cikinta, ta tanadi wa galibin ayyuka kariya tsawon ran mai aikin da aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa, Faransa kuma ta kai shekara 70. Saboda haka zane-zanen da ke cikin littafin tafiyar Heinrich Barth, matafiyi Bajamushe, wanda ya sauka Zinder a ƙarshen 1852 kuma ya rasu a 1865, sun daɗe da zama dukiyar kowa. Amma hoton da aka ɗauka a 1950, wanda mai ɗaukarsa ya rayu har 1990, mai yiwuwa yana nan a hannun magadansa, komai dushewar takardar. Idan hoton na katin wasiƙa ne, ka duba bayan katin da gefen ƙasa, domin galibi nan ake buga sunan mai hoton ko kamfanin da ya wallafa shi, kuma daga sunan nan bincikenka zai fara.

Shi kuwa amfani na adalci tanadin dokar Amurka ne ta 1976, ba ya bin hoto zuwa shagonka. Dokarmu ta haƙƙin mawallafa ta 2010 ta ware wasu buƙatu ne kawai, kamar koyarwa da ɗan tsokaci da kwafin amfanin kai, kuma kalandar sayarwa ba ta cikinsu.

Ka karanta sharuɗɗan ma'ajiyar da ka ɗauko hoton, domin ɗakin karatu na ƙasar Faransa, mai kula da ma'ajiyar intanet ta Gallica, yana bambanta amfanin kasuwanci da wanda ba na kasuwanci ba. Ka rubuta sunan mai aikin ƙarƙashin kowane hoto ko da wa'adin kariyarsa ya ƙare, haƙƙinsa ne da ba ya mutuwa. Hotunan da ba ka gano masu su ba kuwa, da zanen gargajiya na bangon gidajen Birni, wanda dokar 2010 ta shafi irinsa, ka kai jerinsu hukumar haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, kafin ka sayi takarda da tawada.